Kwano, Gora da Bolar Bayan Kafteriya

A watan Afrilun 1978 ɗaliban jami'o'in Najeriya sun fito kan titi saboda abinci. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka ce ba su yarda ba, suka nemi a sauke Kwamishinan Ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Iyayen da suka yi karatu a Samarun Zariya a wancan zamani har yau suna ba da labarin kafteriya: tikiti a hannu, a bi layi, a karɓi abinci a faranti da cokalin ƙarfe, in an gama a ajiye a wanke. A 1984 aka janye tallafin abincin, manyan tukwanen kafteriya suka huce, ciyar da ɗalibai ta koma hannun 'yan kasuwa.

An yi kukan rashin arahar, har yau ma ana yi. Amma akwai wani abu da ya tafi tare da tikitin nan wanda ba a yi masa zanga-zanga ba, shi ne farantin da ake wankewa a sake zuba wa wani.

Ɗana, 'yata, duk wanda ya shiga jami'a bana, ko a Kano ne ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ya ɗan tsaya ya kalli hannun mai abinci da ƙarfe ɗayan rana, lokacin da aka fito daga lakca kowa na sauri. Ta buɗe kula, ta zaro farar robar tekawe, ta zuba shinkafa da wake. Miya tana tururi ta ƙulle ta a 'yar farar leda, ta soka cokalin roba a gefe, ta jefa duka cikin baƙar leda, yaro ya miƙo fiya wata biyu masu sanyi. Guda shida ke nan na abin yarwa, a kan abincin da ba zai wuce minti goma ana cinsa ba. Ɗalibin ma ba nisa zai yi ba. Sau da yawa bencin da ke gindin darbejiya, taku ashirin daga tebur ɗin, nan zai zauna ya ci ya tashi.

A ƙaddara jami'a tana da ɗalibai 30,000, kowanne yana shan ruwan leda 3 a yini, wanda a zafin Afrilu ba komai ba ne. Leda 90,000 ke nan kullum, wato jaka 4,500 mai ɗauke da guda 20. Ba a sa na malamai da ma'aikata da baƙi ba, ba a kuma sa tekawe da robar lemo ba.

Ina suke zuwa? Wasu iska ce ke kwashe su, su maƙale a jikin ƙaya da waya, ko su gangara kwata. Damina na sauka kwatar ta toshe, ruwa ya kwanta a bayan ɗakunan kwana, sauro ya samu wurin hayayyafa, layin asibitin makaranta ya yi tsawo daidai lokacin da jarrabawa ke matsowa. Wasu a tara su a cinna musu wuta da magariba, hayaƙin ya bi ta taga ya shiga ƙirjin mai asma, alhali masana sun daɗe da tabbatar da cewa ƙona roba a fili yana fitar da guba irin su dayoksin. Sauran kuma awaki da shanun da ke kiwo a gefen katanga su haɗiye, saboda ɗanɗanon gishiri da mai da ya rage a jiki. Duk mahaucin da ya daɗe a kwata ya taɓa farka tumbin saniya ya tarar da curin leda ya cika shi, dabbar ta rame alhali cikinta a kumbure. Makiyayin da ya yi wannan asara bai taɓa sayen tekawe ba.

Kuskuren da matasa suka fi yawan faɗawa shi ne su ɗauka wannan duk aikin hukuma ne, a kafa doka kowa ya huta. Doka tana da amfaninta. Ruwanda ta hana ledar zuba kaya tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma wanda ya je Kigali ya ga bambanci da idonsa. Jihar Legas ta haramta farar robar tekawe a Janairun 2024, a tsakiyar 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da hana robar amfani sau ɗaya a ma'aikatunta. Sai dai Jamhuriyar Nijar ma ta yi dokar hana leda a 2014, ga shi kuwa mai sayen tumatir a kasuwar Maraɗi har gobe a leda ake zuba masa. Takarda ba ta riƙe hannun da ya saba.

Akwai labarin da ya kamata kowane shugaban ɗalibai ya sani kafin ya miƙe a taro ya ce a hana kaza. A Jami'ar Vermont da ke Amurka, ɗalibai ne suka yi ta matsa lamba har aka daina sayar da ruwan roba a cikin makaranta daga Janairun 2013. Hukumar jami'ar ta gyara famfunan shan ruwa yadda za a iya cika gora, aka yi ta wayar da kai. Daga baya masu bincike na jami'ar suka bi diddigin kayan da ake shigowa da su shaguna da injunan sayar da abin sha, suka buga sakamakon a 2015. Yawan robobin bai ragu ba, shan lemo mai sukari kuwa ƙaruwa ya yi. Ɗalibin da ya zo da ƙishi, babu gora a jakarsa, bai tarar da ruwa a kanta ba, sai ya miƙa hannu ga abin da ke kusa. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Niyyar yaran nan kyakkyawa ce, kuma sun cancanci yabo, domin jami'arsu ta yi abin da mutane da yawa ba sa yi, ta koma ta auna sakamakon aikinta ba ta ɓoye ba.

To in haka ta faru inda famfo ke zuba dare da rana, ina ga inda ɗalibi ke tashi da asuba da bokiti yana neman ruwan wanka? Fiya wata ba don gayu ta mamaye ƙasar nan ba. Mutane sun rungume ta ne saboda tsoron amai da gudawa da taifot, kuma tsoron yana kan hanya. Duk wanda ya ce a hana ruwan leda a jami'a bai kawo ruwan da za a amince da shi ba, cuta ya gayyato. Saboda haka aikin da ya fi kowanne, wanda ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta sa a gaba, shi ne ruwan sha: tanki mai murfi da matata a bakin kowane ɗakin kwana da kusa da manyan ɗakunan lakca, a san wanda ke wanke shi da ranar da ake wankewa, a riƙa gwada ruwan a manna sakamakon a jikin tankin kowa ya karanta. Jami'ar da ke da sashen nazarin ƙwayoyin cuta da na sinadarai ba ta rasa masu gwajin ba. Ɗaliban aji uku da huɗu ma za su iya, ƙarƙashin kulawar malamansu. Ranar da ɗaliba ta ga takardar gwajin makon jiya a jikin tanki, ranar za ta yarda ta cika gorarta, ba sai an yi mata wa'azi ba.

Ruwan kuma ya zama mai sanyi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40, don rabin abin da ake saya a ledar ruwa sanyin ne. Randa ta daɗe tana wannan aiki a zaurukan masallatai ba tare da wuta ba, kuma Jami'ar Bayero da aka ƙaddamar wa tashar sola mai megawat 7.1 a Satumban 2019 ta nuna cewa rana da ke dafa mu za ta iya kunna firji. Kowane ɗan shago da janaretansa na kuka a bayan kes, ko yana sayen ƙanƙara kullum, asara ce gare shi da hayaƙi ga kowa. In masu shaguna goma suka haɗa kai a kan ɗakin sanyi ɗaya mai aiki da sola, lissafin zai fi musu sauƙi.

Sai maganar kwano, wadda a gaskiya maganar kunya ce. Yaron da ya tashi a gidan da ake kai wa mahaifinsa abinci kasuwa a kwanon samira, yana shiga jami'a sai ya ga ɗaukar kwano ƙauyanci ne, riƙe farar roba kuma wayewa. 'Yata, wadda ta zura ƙaramar kula da cokali a jakarta ba ta rage wa kanta daraja ba. Abincinta zai daɗe da zafi, ba za ta biya kuɗin tekawe da ake ɗorawa a kan kuɗin abinci ba, kuma ta tsira daga wani abu da ba a gani. Farar robar nan da sinadarin sitirin ake yin ta, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, kuma zafi da maiƙo suna ƙara sa shi ya shiga abinci. Haka alalen da ake dafawa a ƙulle cikin leda, bayan iyayenmu da gwangwani da ganye suke yi. Ba a ce wanda ya ci sau ɗaya zai kwanta ba. Amma shekara huɗu ko biyar, sau biyu a yini, ba sau ɗaya ba ne, rigakafi kuwa ya fi magani.

A Jamus, tun Janairun 2023 doka ta wajabta wa masu sayar da abincin tafi-da-gidanka su tanadi mazubin da ake dawowa da shi ga wanda ya nema. Abin da suka sa a doka, mu mun taɓa yin sa ba doka. Kwalbar lemo ta da ba a tafiya da ita sai an ajiye kuɗin kwalba, in ka dawo da ita a mayar maka, kiret ya koma kamfani a wanke. Ba abin da zai hana a gwada wannan da kwano a wurin masu abinci uku ko huɗu: mai son ya tafi da abinci ɗaki ya ajiye wani abu, ya kawo kwano ya karɓi kuɗinsa.

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin a nan matasa masu zafin kishi kan yi ɓarna. Sai su ɗauki mai abinci ita ce abokiyar gaba, su kai ƙararta, su ɗauki hoton bayan rumfarta su watsa a Facebook. Matar nan sau da yawa da wannan tukunyar take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta, wata ma marayu take riƙo. Ta tashi kafin kiran assalatu, ta biya hayar rumfa, ta sayi ruwa a wurin mai garuwa, ta biya yaran da ke taya ta. Tekawe ta sauƙaƙa mata ne, don ba ta buƙatar ruwan wanki da sabulu da mai wankewa, kuɗinta kuma mai saye ne ke biya. In an ce ta koma faranti ba a kawo mata famfo ba, abin da za a samu shi ne baho ɗaya na ruwa mai maiƙo da ake tsoma faranti ɗari a ciki daga safe zuwa la'asar, wanda ya fi ledar hatsari. Ɗan da ke son gyara ya je ya gaishe ta kamar yadda zai gaida gwaggonsa, ya zauna ya tambaye ta nawa take kashewa a kan roba a mako, me zai sa ta daina. Zai sha mamakin yadda ta fi shi sanin lissafin. Buƙatar da za a kai wa hukuma daga nan ita ce wurin wanke-wanke na haɗin gwiwa mai ruwa da magudana, da rangwamen haya ga wadda ta yarda ta gwada.

Haka masu zoɓo da kunun aya, waɗanda robobin lemo da na ruwa da aka yar suke saye su sake cikawa. A wani ɓangaren su ne suka fi kowa rage shara, a wani ɓangaren kuma ba wanda ya san inda robar ta kwana ko da me aka wanke ta. Korar su ba ta magance komai. Mai kunu ta zo da babbar kula da ludayi, ɗalibi ya miƙa gorarsa a zuba masa, kamar yadda ake sayen koko da safe a unguwa.

Abincin da ake zubarwa shi ne ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, wataƙila don ana ganin a wannan tsadar wa zai zubar da abinci. Ana zubarwa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 an yi asarar tan biliyan 1.05 na abinci a duniya, kashi 28 cikin 100 daga gidajen sayar da abinci da wuraren ciyar da jama'a. A jami'a, a leƙa kwandon shara bayan walimar kammala karatu ko taron ƙungiya, ko a watan azumi bayan buɗe-baki, lokacin da ido ya fi ciki yunwa. Kamfanin Aramark da ke ciyar da ɗalibai a Amurka ya yi wani gwaji a makarantu 25 a 2008: ya ɗauke tiren da ake jera faranti a kai, sai kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya riƙewa. Abincin da kowane mutum ke zubarwa ya ragu da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Darasin da ke ciki gare mu shi ne a bar mutum ya sayi daidai cikinsa. Mai abinci ta yarda da rabin faranti a rabin kuɗi, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara. Abin da ya rage a tukunya mai kyau kuwa, a kowace jami'a akwai ɗaliban da ke kwana da yunwa suna ɓoyewa, kuma ƙungiyoyin addini na ɗalibai sun san yadda za su isar musu ba tare da an tozarta kowa ba. Gidan da ya san ɗumame da ƙanzo bai kamata ɗansa ya koyi almubazzaranci a makaranta ba.

Ɓawon doya, ƙasan tukunya, ruɓaɓɓen tumatir da toka, waɗannan a da dukiya ce. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda manoma ke shigo da itace a kan jakuna su koma da sharar birni su zuba a gona, abin da ya taimaka ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba hutu. Yau manomi ya sayi motar shara ya baza, sai gonar ta yi furen leda. Abin da ya lalata takin shi ne cakuɗawa. In a bayan kowace rumfa akwai mazubi biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa ɗaya na roba da gwangwani, na farkon ya tafi gonar tsangayar noma ko wurin masu kiwo, na biyun 'yan jari-bola da kansu za su zo su auna su biya. Su ma a ba su katin shiga da lokacin zuwa, maimakon a riƙa korar su a ƙofa kamar ɓarayi.

Wutar girki ma tana cikin lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, masu girki da dama suka ajiye tukunyar gas suka koma itace da gawayi, a yankin da ake dasa bishiyoyi don tare hamada. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa, hayaƙin kuma a idon mai girki da huhunta yake ƙarewa. Akwai murhu mai tsimin itace irin Save80 da aka daɗe ana rabawa a Kaduna da Kano, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma ta yi shekaru tana aiki a kan ingantaccen murhu da iskar gas da ake samu daga kashin dabbobi. Abin takaici ne a ce ilimin yana cikin harabar jami'a, matar da ke girki a bayan tsangayar ba ta taɓa ganin sa ba. Ɗana mai karatun injiniya da ke neman abin da zai yi binciken kammala digiri a kai, ga shi nan a gabansa: ya auna itacen da rumfa ɗaya ke ci a mako, ya ƙera mata murhu, ya sake aunawa.

Ba laifi ba ne a ware Asabar ɗaya a sa riguna iri ɗaya a share harabar makaranta. Yana da kyau, yana haɗa zumunci. Sai dai in ba a taɓa inda sharar ke fitowa ba, ranar Talata wurin ya koma yadda yake, waɗanda suka yi sharar kuma gwiwarsu ta yi sanyi su ce mutanenmu ba sa gyaruwa. Mutanenmu suna gyaruwa in an sauƙaƙa musu hanya. Sannu ba ta hana zuwa: a fara da ɗakin kwana ɗaya da tanki ɗaya da masu abinci uku, a ƙirga buhunan sharar da ake kwashewa kafin a fara da kuma bayan zango guda. Shugaban sashen harkokin ɗalibai da aka kai wa takarda mai ɗauke da alƙaluma ya fi saurin sauraro a kan wanda aka kai wa ƙorafi.

A kuma san lokacin magana. Rumfuna da shagunan jami'a haya ake ba da su, kuma ana sabunta yarjejeniyar lokaci-lokaci. Lokacin sabuntawar ne ake iya sa sharaɗin famfo da mazubi biyu da rabin faranti a rubuce, don haka wakilin ɗalibai ya nemi sanin watan tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabancin ƙungiyar ɗalibai kuwa shekara ɗaya ne, ayyuka masu kyau da yawa sun mutu ranar da masu su suka karɓi takardar kammalawa. Duk kwamitin da aka kafa a sa 'yan aji ɗaya da aji biyu a ciki tun ranar farko, a sa mace ɗaya daga masu abinci da mutum ɗaya daga masu shara, a kuma buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta ranar wanke tanki da sakamakon gwajin ruwa da adadin buhunan shara, wanda shugaba mai barin gado zai miƙa wa mai shigowa tare da makullin ofis.